Yadda za ka koyi JavaScript daga littafi ba tare da ka ajiye shi a babi na huɗu ba

Mutane da yawa suna ɗaukar littafin JavaScript, wato yaren rubuta kod da ke sa shafukan intanet motsi, da zafinsu, sati ɗaya sun cinye babi uku, suna ta gyaɗa kai wai sun gane, daga nan sai a zo wajen objek da kilas sai ka ji shiru, littafi ya koma kan kanta yana shan ƙura. Kuma wallahi ba rashin kai ba ne, yadda ake karatun ne bai dace ba. Irin wannan littafin da yatsu ake karanta shi, idan hannunka ba ya kan kibod to kallon shafi kawai kake yi.

Kafin ka karanta ko layi ɗaya, buɗe shafin farko ka duba shekarar da aka buga shi. Wannan maganar ina so a riƙe ta sosai don ita ce ke ɓata wa mutane watanni. Shi JavaScript ɗin tun 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape, to ka ga ya daɗe, kuma ya canza sosai a hanya. Canji mafi girma ya zo ne a 2015, wanda ake ce wa ES6 ko ES2015, a lokacin ne aka kawo let da const (kalmomin sa wa bayani suna, a madadin tsohuwar var) da class da irin fankshin ɗin nan (guntun kod mai yin wani aiki) mai alamar kibiya. Littafin da aka rubuta kafin nan zai koya maka abin da har yanzu yana aiki, eh, amma ba haka mutane suke rubutawa yanzu ba. Gwajin mai sauƙi ne, ka bubbuɗe tsakiyar littafin, in ka ga ko'ina var var var babu let ko const, ko ka ga suna ta amfani da document.write, to ka nemi wani. Sannan ka lura kar ka kwaso littafin Java a zuwan JavaScript ne, sunan ne kawai ya yi kama, yaruka biyu ne daban-daban. Haka nan in littafin ActionScript ne ya faɗo hannunka, wato yaren da ake yin wasanni da zanen motsi na Flash da shi, ka sani Adobe sun daina tallafa wa Flash tun ƙarshen Disambar 2020 kuma burauzoji sun cire shi. Yaren mai kyau ne, dangin JavaScript ne ma, amma abin da ka gina da shi ba zai buɗe a burauzar mutane ba.

Kayan aiki ba wasu masu yawa ba ne. Burauza, Chrome ko Firefox ko Edge duk ɗaya, sai manhajar rubuta kod irin VS Code wadda kyauta ce. Shi ke nan. Amma ka ɗan san HTML da CSS, wato yarukan tsara shafi da yi masa ado, tukuna ko da sama-sama ne, saboda JavaScript a kansu yake aiki, in ba ka san yadda ake saka maɓalli a shafi ba me za ka sa ya motsa?

Ranar farko ka buɗe burauza ka danna F12, ka shiga inda aka rubuta Console, ka rubuta console.log("Sannu") ka danna Enter. Wannan ɗan wurin ka saba da shi tun yanzu, duk abin da littafi ya faɗa maka kar ka yarda sai ka zo nan ka gwada da idonka. Misali za a ce maka "5" + 3 yana ba da "53" amma "5" - 3 yana ba da 2. In ka karanta kawai za ka manta kafin gobe, in ka buga da hannunka ka ga abin ya fito sai ya tsaya maka a rai, har ka nemi dalili, dalilin kuwa shi ne alamar + tana haɗa rubutu kuma tana tara lamba, ita kuwa alamar ragewa lamba kawai ta sani don haka sai ta juya rubutun ya koma lamba. Gwada 0.1 + 0.2 ma ka ga 0.30000000000000004, kwamfutarka lafiya lau take, yadda ake ajiye lambobi masu ɗigo ne a ciki. Daga irin wannan ne za ka fahimci me ya sa ake nanata maka wajen kwatanta abu biyu ka yi amfani da === ka bar ==, don ita == ma tana juya rubutu ya koma lamba.

To yanzu yadda za ka bi kowane babi. Ka karanta shi sau ɗaya da sauri ba tare da ka taɓa kwamfuta ba, don ka san inda aka dosa. Sai ka dawo farko, duk misalin da ke ciki ka buga shi da kanka, harafi-harafi. Kar ka kwafa ka manna ko da PDF ne a gabanka, na farko yatsunka ba za su koyi komai ba, na biyu alamomin zancen da ke cikin PDF sau da yawa lanƙwasassu ne, ba su ne waɗanda JavaScript ya sani ba, sai ka ga SyntaxError kana ta neman laifi a inda babu. Bayan misalin ya yi aiki sai abin da na fi ba muhimmanci: ka ɓata shi da gangan. Cire baka ɗaya ka ga me zai ce. Canza ƙaramin harafi ya koma babba. Sa lup ɗin, wato kod mai maimaita aiki, ya fara daga 1 maimakon 0 ka ga wane abu ya ɓace a jerin, a nan za ka gane da gaske cewa ƙirga a nan daga 0 take farawa. Daga ƙarshe ka rufe littafin ka sake rubuta misalin daga ka, da sunayenka ba na marubuci ba. In ka kasa, ba komai, buɗe ka leƙa ka sake rufewa. Atisayen ƙarshen babi kuma don Allah kar a tsallake, kuma kar ka duba amsa sai ka sha fama da shi tukuna.

Sai mu zo inda ake watsewa, wato objek. Marubuta suna son su fara da manya-manyan kalmomi, gado da ɓoye bayanai da sauransu, mai koyo ya tsorata. Alhali abin da ake nufi shi ne ka tattara bayanan abu da ayyukan da abin yake iya yi wuri guda. Fitila tana da suna, tana da hali na a kunne take ko a kashe, kuma ana iya danna ta. Shi ke nan ka samu objek. Kilas kuma kamar ƙarfen buga bulo ne, shi kansa ba bulo ba ne amma duk bulon da ya fito daga cikinsa siffarsu ɗaya, kuma in ka fasa ɗaya sauran suna nan. Duba:

class Fitila {
  constructor(suna) {
    this.suna = suna;
    this.aKunne = false;
  }
  danna() {
    this.aKunne = !this.aKunne;
  }
}

const falo = new Fitila("falo");
const zaure = new Fitila("zaure");
falo.danna();

Buga wannan, sannan ka tambayi falo.aKunne ka ga true, ka tambayi zaure.aKunne ka ga false. Tsaya a nan ka yi tunani sosai, ka danna ɗaya ɗayar ba ta motsa ba duk da kod ɗinsu ɗaya ne. Kalmar this ita ce ke nuna wace fitilar ake magana a kai a lokacin da aka kira aikin. Duk sauran babin a kan wannan ɗan abin aka ɗora shi, in ya zauna maka to extends da super, kalmomin da kilas yake gadon wani kilas da su, ba za su ba ka wahala ba, in kuma bai zauna ba kar ka wuce, ko kwana nawa zai ɗauka. Ka ƙara mata launi, ka ƙara mata aikin ƙirga sau nawa aka danna ta, ka yi fitilu biyar ka zuba su a jeri ka kunna su duka da lup. A ra'ayina wannan wasan ya fi karanta bayanin sau goma amfani.

Littafi mai kyau zai gaya maka cewa a ƙarƙashin class ɗin nan akwai wani tsari da ake kira prototype, shi ne asalin yadda JavaScript yake gado tun farko, class kawai ya zo ya sauƙaƙa rubutun ne. Karanta wannan ɓangaren, in bai shiga ba ka sa masa alama ka ci gaba, za ka dawo masa. Wannan ana iya ɗaga masa ƙafa, this ne ba a ɗaga wa.

Daɗin abin yana farawa ne ranar da ka haɗa objek ɗinka da shafi na gaske. Babin da ke maganar DOM ke nan, wato yadda burauza take mayar da kowane abu na shafin ya zama objek da za ka iya kamawa ka juya. Da document.querySelector za ka kamo maɓalli, da addEventListener za ka ce in an danna shi a yi kaza. Sa fitilarka ta canza launin shafin, duhu in a kashe take, haske in a kunne. Abu biyu za su kama ka a nan kusan tabbas. Na farko ka ga jan rubutu yana cewa Cannot read properties of null, yawanci ma'anarsa kod ɗinka ya tashi kafin burauza ta gama gina shafin, ko kuma sunan da ka nema bai yi daidai da wanda ke cikin HTML ba, maganinsa ka sa script ɗin, wato layin da ke kiran kod ɗinka a HTML, a ƙasan body ko ka ƙara masa defer, ka kuma duba sunan harafi-harafi. Na biyu, in ka miƙa falo.danna kai tsaye ga maɓallin, sai this ya daina nuna fitilar ya koma nuna maɓallin, ka yi ta dannawa fitila ba ta canzawa kuma babu wani jan rubutu da zai gaya maka, wannan ya fi ciwo. Nannaɗe shi a fankshin mai kibiya, () => falo.danna(), sai komai ya daidaita.

Jan rubutun nan kuwa ka daina gudunsa. Karanta shi a hankali, yana faɗa maka sunan fayil da lambar layin da matsalar take, a gefen dama za ka gani. In ya ce wani abu is not defined ko is not a function to ko dai ba ka ƙirƙiri abin ba ko kuma ka yi kuskuren harafi, don yaren nan yana bambanta babban harafi da ƙarami, getElementById da getElementByID ba ɗaya ba ne a wurinsa. Inda littafi ya taƙaita ko ka ga kamar bayaninsa ya tsufa, ka duba MDN na Mozilla, can ake samun bayanin kowane umarni da misalinsa da burauzojin da ke karɓarsa.

Game da lokaci, rabin awa kullum ya fi awa shida ranar hutu kaɗai, saboda abin yana saurin zubewa in an bar shi. Kuma tun daga wajen babi na uku ka riƙe wani ɗan aiki naka na kanka wanda babu shi a littafin, jerin ayyukan yini ne ko ɗan wasan tambaya da amsa, duk sabon abin da ka koya ka nemo masa gurbi a ciki. Ka koyi jeri, tambayoyin su koma jeri. Ka koyi kilas, kowace tambaya ta zama objek. Ka iso localStorage, makin ɗan wasa ya daina ɓacewa in an rufe shafi. Da ka zo babin Promise da async da await, wato yadda kod yake jiran abin da ke ɗaukar lokaci, za ka ji kai ya sake ɗaukar zafi, bi shi da tsarin nan dai, buga, ɓata, rufe littafi ka sake.

Za ka ji ana ta zancen React da Vue da Node.js, kayan aikin gina manyan shafuka da manhajoji, kamar an bar ka a baya, kar ka yi gaggawa, dukkansu a kan wannan JavaScript ɗin suke tsaye. Ka bari sai ranar da za ka iya buɗe fayil babu komai a ciki, littafi a rufe, ka yi shafi mai maɓalli da jeri da kilas ɗaya yana aiki yadda kake so, a lokacin ka zaɓi ɗaya daga cikinsu ka fara.