Yadda za ka fara sana'ar wanki da guga a dakhiliya, wato dakunan kwanan dalibai

Dan uwa idan kana karatu a Kasala ko Gadarif a kasar Sudan kuma kudin gida ba sa isowa yadda aka saba tun da yaki ya barke a Afrilun 2023, to wallahi ka duba wanki. Ni da abokina mun yi, shi ya rike mu.

Jari ba yawa, baho biyu, bokiti, omo, sabulun sanda, bula wadda a nan ake cewa zahra, igiyar shanya da dutsen guga na gawayi. Kar ka dogara da na lantarki, za a dauke wuta kana tsakiyar jallabiyar mutum. Ruwa kuma in famfo ya ki, ka daidaita da mai amalanken jaki ya rika kawo maka ganga da sassafe.

Ranar kasuwarka Alhamis ce, domin kowa na son farar jallabiya da rawani na Juma'a, ga 'yan likitanci da fararen rigunansu. Saboda haka ka karbi kaya Talata da Laraba, Alhamis guga kawai. Kuma ka tsara da darasinka, mu da yamma muke yi, lokacin jarrabawa mu rage.

Abin da nake so ka rike sosai shi ne kar ka hada kaya. Sayi littafi, duk wanda ya kawo ka kirga a gabansa ka rubuta suna da lambar daki, ka daura zare mai launi a jikin kowane kulli, ka laluba aljihu kafin ya tafi. Farare daban, masu zuba daban. Ni na taba jefa sabuwar jar riga cikin farare don sauri, jallabiyar wani bawan Allah ta fito ruwan hoda, ya tsaya bakin kofa yana juya ta a hannu bai ce komai ba, ni kuwa kamar kasa ta tsage in shige. Na biya shi, ribar sati biyu ta tafi.

Farashi kar ka tsayar da shi na zango guda, jinai, kudin Sudan, na faduwa sabulu na tashi, ka rika dubawa duk wata. A turo ta Bankak, manhajar tura kudi ta waya, ko a ba ka a hannu kafin a dauki kaya, bashin aboki shi ke kashe wannan sana'a.

Idan ka ga sama ta yi ja habub, wato guguwar kura, na tafe, kwashe shanya da gudu. Washegari kuwa dakuna sun cika da kura, ka zaga da tsintsiya da tsumma, za ka samu masu biyan shara. Bangaren mata ba ka shiga, sai ka nemi wata 'yar uwa ta rike can ku raba riba, kuma kafin komai ka fara sanar da mai kula da dakhiliya.