Shawara ga malaman Turanci masu zaman kansu

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Mai neman ɗalibai, ka daina tallar "ina koyar da Turanci" kawai, kowa haka yake cewa. Zaɓi fanni guda ka tsaya a kai, kamar shirin jarrabawar IELTS (ta gwajin iya Turanci) ko Turancin ganawar neman aiki. Wanda jami'a ta ce sai ya kawo maki 6.5 a IELTS ya san abin da yake nema, ba sai ka lallashe shi ba.

Zaman farko kuwa, kar ka cika shi da nahawu. Bar ɗalibin ya yi ta magana kamar minti goma, kana rubuta kurakuransa a gefe ba ka katse shi ba, sannan ka gyara uku kacal, waɗanda yake yawan maimaitawa. Da izininsa ka naɗi muryarsa ka ajiye. Bayan wata biyu ka kunna masa, ya ji da kunnensa yadda yake in'ina a da. A ganina ba tsada ce ke korar ɗalibi ba, jin cewa yana tsaye wuri ɗaya ne.

Maganar kuɗi a yi ta tun ranar farko, kunya ba ta biyan haya. A biya na wata gaba ɗaya, wanda zai fasa darasi ya sanar awa 24 kafin lokaci. In Zoom na kyauta kake amfani da shi, yana yankewa a minti 40, sai ka tsara darasin daidai da haka.

Ranar da ɗalibi ya ci jarrabawarsa, a ranar za ka roƙe shi ya haɗa ka da abokansa.