Yadda na gyara lezata mai koren haske

Kan wata karyayyiyar leza, ƴar fitilar nan mai harba siririn haske, na samu a kasuwar Maradi, na cusa shi cikin bututun tsohuwar tocila da pil biyu. Da rana haske tar, da asubar hunturu kuwa sai ɗan ɗigo dishi-dishi. Sabbin pil ma a banza.

Ashe sanyi ne. A ciki, wani haske da ido kusan ba ya gani, mai nanomita 808 (awon da ke nuna launin haske), shi ke ratsa ƴan duwatsu biyu masu kama da gilashi ya fito kore, mai 532, su kuwa duwatsun ba sa shiri da sanyi. Na naɗe kan da siririn soso, ina kuma ɗumama ta a aljihu kafin na kunna. Tsaf ta dawo.

Ko ta dushe, kada ka leƙa bakinta. Hasken da ba ka gani ma yana lalata ido.