Shirin rabin gudun fanfalaki ga mazaunin Birtaniya

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21.1 ne, wato mil 13.1. Mai lafiya da ke iya gudun kilomita 5 ba tsayawa zai iya shirya masa cikin mako 12, yana fita sau uku a mako. Wanda bai kai nan ba ya fara da manhajar Couch to 5K ta hukumar lafiya ta NHS. Kyauta ce, mako 9 take ɗauka. Jadawalin kansa ba wuya gare shi ba. Abin da ke kayar da mutanenmu masu karatu ko aiki a Birtaniya shi ne duhu da sanyi da aikin dare, don haka da waɗannan za a tsara shirin tun daga ranar farko.

Fara da zaɓen watan gasa, domin shi zai nuna yanayin da za ka yi atisaye a ciki. Gasar watan Maris ko Afrilu tana nufin dogon gudunka zai faɗa Janairu da Fabrairu, tsakiyar hunturu. Ta Satumba ko Oktoba kuwa shirinta daga Yuni ne, lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba. Ga mai yi karo na farko, ta biyun ta fi nesa ba kusa ba. Babbar gasar Great North Run, wadda aka fara a 1981, a Satumba ake yin ta, daga Newcastle a haye gadar Tyne har bakin teku a South Shields. Masu nema sun fi guraben yawa, shi ya sa ake ƙuri'a tun farkon shekara. In ba ka dace ba, ƙananan gasa na garuruwa suna nan da yawa, rajista kawai za ka yi.

Kafin ka sa takalmi, ka san nau'in jininka. Masu AS, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, suna da yawa a cikinmu, kuma yawancinsu suna gudu lafiya lau, amma tsananta wa jiki kwatsam, tare da ƙishirwa ko zafi, na iya jawo musu matsala mai tsanani a tsoka. Mai AS ya ƙara nisa a hankali, ya tsaya nan take in ya ji tsokarsa ta saki ko tana ciwon da bai saba ji ba. Mai sikila, mai hawan jini, mai asma, da duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji yana motsa jiki, su fara ganin likitansu na unguwa, wato GP. Sai sinadarin bitamin D: NHS na ba da shawarar maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata kuwa duk shekara, saboda ranar can ba ta isar fatarmu. Ƙarancinsa na kawo ciwon ƙashi da kasala, mutum ya yi ta zaton gudun ne.

Makon atisaye gudu uku ne. Ɗaya gajere mai sauƙi, minti 30 zuwa 40. Ɗaya mai ɗan zafi: minti 10 a hankali don jiki ya ɗumama, sai minti 3 da sauri, minti 2 sassarfa, a maimaita sau 5, a rufe da minti 10 a hankali. Na ukun shi ne dogon gudu na ƙarshen mako, kuma shi ne ginshiƙin komai. Nisansa a kilomita, mako bayan mako: 7, 8, 10, 8, 11, 13, 14, 11, 16, 18, 12, sai gasa. Ja da bayan da ke mako na 4 da na 8 da gangan ne. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, ƙashi da jijiya kuwa sai a hankali, kuma a makon hutun suke cim ma sauran jiki. Ba lallai ka yi cikakken kilomita 21 kafin ranar ba. Wanda ya yi 18 ya huta, zai ƙarasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauri. Dogon gudu ana yin sa ne a takun da za ka iya yi wa abokinka cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya yanke ba. In ba ka iya haɗa jimla, ka rage, ko da za ka koma tafiya ta minti ɗaya. Masu yin kowane gudu da ƙarfi su ne ke zuwa mako na biyar da ciwon ƙwauri ko gwiwa. Ciwon da ya bazu a cinyoyi biyu kwana ɗaya bayan gudu ba komai ba ne. Wanda ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, kana iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa kana gudu, wannan na tsayawa ne a nemi likita. Minti 20 na ƙarfafa ƙafa sau biyu a mako, tsuguna-tashi da ɗagawa a kan yatsu a bakin matakala, yana rage wannan sosai.

In shirinka ya faɗa hunturu, a Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ka nemi riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya da ƙaramar tocila ta goshi, ka bi tituna masu fitilu. Sa tufafi kamar yanayin ya fi yadda yake ɗumi da digiri 10: in ka fito ƙofa ba ka ji ɗan sanyi ba, kaya sun yi yawa, bayan minti goma za ka jiƙe sharkaf. Rigar auduga a jikin fata ba ta yi, tana riƙe gumi ta koma sanyi ƙalau. Rigar wasanni mai saurin bushewa, wata mara nauyi mai tare iska a sama, safar hannu da hula sun isa. Ranar da ƙanƙara ta daskare a kan kwalta, wadda sau da yawa ido ba ya ganinta, ka koma na'urar gudu ta gidan motsa jiki. Kuma motoci a can hagu suke bi. Wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa, inda babu hanyar masu ƙafa kuma ka bi gefen dama, kana fuskantar motar da ke tahowa.

Mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi ko ɗakin ajiyar kaya kada ya ɗora dogon gudu a kan tashi daga aiki. Ya kai shi ranar hutunsa, ko Talata ce. In mako ya kuɓuce, a ci gaba daga inda aka tsaya, ba a ramuwa. Don samun abokan gudu akwai parkrun: kilomita 5 kyauta kowace Asabar da ƙarfe tara na safe a wuraren shaƙatawa na Ingila, rajista sau ɗaya a intanet. Mata masu son gudu cikin jama'a da rana tsaka za su ji daɗinsa, kuma hijabin wasanni da dogon wando ba sa hana komai.

In azumi ya shigo tsakiyar shiri, a sauke nauyi. Gudu mai sauƙi na minti 30 daf da shan ruwa, dogon kuma bayan tarawi. Ba a gudun sauri da azumi a baki.

Takalmi ya zama akwai faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, don ƙafa na kumbura, farce ya yi baƙi. Bayan kamar kilomita 500 zuwa 800 sai a sake shi. A shafa Vaseline a matsematsi da hammata, maza har kan nono. Duk gudun da ya wuce minti 75 yana son abinci a hanya, giram 30 zuwa 60 na sukari a awa. Dabino manya biyu sun kai wannan, kuma ciki ya san shi. Alewar da 'yan kallo ke miƙowa a bakin hanya sau da yawa akwai jelatin a ciki, wani na alade, don haka ka zo da naka guzurin.

Daren gasa ka ci shinkafa ko taliya, ban da wake da yaji. Da safe burodi, ayaba da shayi, awa biyu zuwa uku kafin tashi. Sabon takalmi ko sabon abinci ba na wannan ranar ba ne. Alamomin hanya a can da mil ake rubuta su, saboda haka ka riƙe lissafinka ta fuska biyu: mai son gamawa a awa 2 da minti 15 zai riƙa cin kilomita a minti 6 da daƙiƙa 24, mil kuma a minti 10 da daƙiƙa 18. Mil uku na farko ka ɗan rage sauri, ka yi su a hankali fiye da haka, ko da kowa na wuce ka. Ruwa kurɓi biyu ko uku a tasha ya isa, ɗirkar sa da yawa na rage gishirin jini. Bayan layin ƙarshe jiki kan huce da sauri a iskar can, don haka ka sa busasshiyar riga da rigar sanyi a jakar da za ka ba masu ajiya tun da safe.