Shirin shekara guda ga ɗan Zariya mai son karatun kiɗa da jinya da shi

Yaron da ya tashi yana jin tambari da kakaki a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah, yana jin kalangu a gidan biki, kunnensa ya riga ya ƙoshi. Inda ake kayar da shi a gwajin shiga sashen kiɗa wuri uku ne: karanta rubutun kiɗa, hannun hagu a fiyano, da takardu. Duka ukun suna gyaruwa cikin shekara guda idan an fara da wuri.

A fara da takardu, don su ne ba sa jin roƙo. Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake zaɓa, Turanci dole, kuma kiɗa yana cikin darussan da hukumar ke jarrabawa a kansu. Kowace jami'a da haɗin darussan da take karɓa, saboda haka ka buɗe kundin JAMB na shekarar da idonka kafin ka sayi fom. Kada ka bar wa mai cike fom a cibiyar rajista ya zaɓa maka, yawancinsu ba su taɓa cike wa mai neman kiɗa fom ba, kuma haɗi ɗaya da ya kauce ya isa ya cinye maka shekara.

Sanannun sassan da ke ba da digirin kiɗa zalla suna jami'o'in Kudu: Nsukka, wadda ta fara buɗe sashen kiɗa a ƙasar nan a 1961, da Ile-Ife, da Awka, da Uyo, da Abraka. A Legas akwai makarantar MUSON da ke Onikan, mai ba da difiloma, kuma tana shirya jarrabawar mataki-mataki ta ka'idojin kiɗa da ta kaɗawa. A nan gida, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen wasan kwaikwayo da fasahar dandali a Samaru, inda kiɗa da rawa ke shiga cikin aikin wasa. Wanda ba a yarda ya yi nisa da gida ba yana iya bin nan, ya riƙa ɗaukar jarrabawar mataki a gefe, ta MUSON ko ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, mai mataki 1 zuwa 8. Mataki na 5 na ka'idoji shi ne wanda ya kamata ka sa a gaba.

Malami da kayan aiki

Masu karanta rubutun kiɗa a Zariya ba su da wuyar samu idan ka san inda za ka duba: masu koyar da ƙungiyoyin mawaƙan coci a Wusasa da Sabon Gari, da tsofaffin 'yan badujala. Yawancin masu buga fiyano a situdiyo kuwa da kunne suke aiki. Suna da amfani wajen koyon haɗa sauti, amma ga wannan gwajin ba su ne malamanka ba. Kafin ka biya kowa, miƙa masa takardar kiɗan da bai taɓa gani ba ka ce, "Malam, a taimaka a buga mini wannan." Idan ya ce sai ya fara jin waƙar, ka yi godiya ka nemi wani.

Fiyanon lantarki mai maɓalli 61 ya wadatar a shekarar farko, duk da cewa cikakken fiyano 88 ne. Sharaɗi ɗaya kada ka sassauta: ya zama mai jin nauyin yatsa, wato ka danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, ka danna da ƙarfi ya ɗaga. Wanda ya koya a kan marar wannan, ranar da ya zauna gaban fiyanon katako zai ji yatsunsa sun mutu. Ka zaɓi mai cin batir saboda wuta, ka kuma rufe shi da zane lokacin hunturu, don ƙurar da ke shiga ƙarƙashin maɓalli ita ke sa wasu su daina amsawa.

Maɓallai biyu ka haramta wa kanka: wanda ke sauya mazaunin sauti, wato ya ɗaga ko ya sauke waƙa ba tare da ka sauya maɓallan da kake dannawa ba, da wanda ke kunna ganga da rakiya da kansa. Su ne suka sa ake samun mai shekaru yana bugawa amma mazauni ɗaya kaɗai hannunsa ya sani.

Yadda za a raba awa ɗaya kullum

Minti 15 na farko na karatu ne. Rubutun kiɗa yana kan layuka biyar da gurabe huɗu, kowanne da sautinsa, sautukan kuma da haruffan A zuwa G ake kiransu. A takardar hannun dama, layukan daga ƙasa zuwa sama su ne E, G, B, D, F, guraben kuma F, A, C, E. A ta hannun hagu layukan G, B, D, F, A ne. Nan ne ake rikicewa, saboda ɗigon da ke layin ƙasa E ne a dama amma G ne a hagu, kuma mai koyo yakan haddace na dama ya bar na hagu sai "daga baya". Ka koye su tare tun makon farko. Tsawon sauti kuma siffar ɗigon ke nunawa: farin zagaye marar sanda bugu huɗu, fari mai sanda biyu, baƙi mai sanda ɗaya, baƙi mai sanda da wutsiya rabi. Kafin ka taɓa fiyano, tafa layin da hannu kana ƙirgawa a fili.

Minti 25 na fiyano. Yatsu suna da lamba, babban yatsa 1, ƙarami 5. Hawan tsanin C, wato jerin sautuka takwas daga C zuwa C na sama, da hannun dama 1-2-3-1-2-3-4-5 ne, babban yatsa yana kutsawa ta ƙarƙashi bayan na uku. Na hagu 5-4-3-2-1-3-2-1. Sauke manhajar metronom a waya, wadda ke buga ƙidaya daidai, ka sa ta a 60, sauti ɗaya kowane bugu. Hannu ɗaya-ɗaya tukuna, hagu kafin dama, sai ya zauna sannan a haɗa. Daga C ka wuce G mai baƙin maɓalli ɗaya, sannan F, wanda yatsun damansa suka bambanta: 1-2-3-4-1-2-3-4. Kada ka ƙara gudu sai ka yi sau uku a jere ba tuntuɓe. Gaggawa a nan kuskure take dasawa a hannu, cire shi kuma ya fi koyon farko wuya.

Sauran minti 20 na kunne da murya ne, kuma a nan ya kamata a daɗe. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya. Gwada da kanka: ɗauki waƙar da kaka ke yi wa jariri ka lalubo ta a baƙaƙen maɓallai kaɗai, sau da yawa za ka same ta a can. Tsanin Turawa kuwa sauti bakwai ne, do, re, mi, fa, so, la, ti, kuma akwai ɗan gajeren taki tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do. Makogwaron da ya saba da biyar yakan tsallake fa da ti, ko ya ja su su koma maƙwabtansu, shi kuma mai waƙar bai ji ya yi ba. Maganinsa: buga mi, rera, buga fa, rera, kana naɗar muryarka a waya, sannan ka saurara tare da fiyanon. Minti biyar kullum a kan waɗannan taki biyun kawai. Masu gwaji sukan buga ɗan gajeren layi su ce ka maimaita da baki, ko su tafa ka mayar. A tafin ɗan Zariya ba ya jin tsoro, wanda ya saba da kiɗan da ke ɗora uku a kan biyu. Abin da zai koya shi ne rubuta abin da hannunsa ya riga ya iya, galibi a ma'aunin 6/8 ko 12/8, wato gajerun bugu shida ko goma sha biyu a kowane yanki na kiɗan.

Kada ka bar kayan gida

Kuskure ne ka je Nsukka ko Ife kana ƙoƙarin nuna ka fi wanda ya tashi a coci iya fiyano. Sassan nan suna koyar da kiɗan Afirka, kuma mai kalangu ko goge ko gurmi na gaske ba kullum suke ganinsa ba. Shirya kiɗa biyu, ɗaya a fiyano daga takarda, ɗaya a kayan gida, kowanne kamar minti biyu zuwa uku, ka kuma iya bayanin yadda matse tsarkiya a hammata ke sa kalangu ya bi hawa da saukar maganar Hausa. Mace tana iya zuwa da shantu ko kiɗan ƙwarya.

Ka lura da yanayi. Laimar Kudu tana sa fata ta saki, ganga ta yi murya kamar mai mura. Ka isa kwana biyu kafin gwaji, ka shanya ta a hantsi na ɗan lokaci, ba a gaban wuta ba, don wuta na ƙona fata ta tsage. Mai goge ya tafi da ƙaro da izgar canji.

Sai maganar gida, wadda ta fi gwajin kansa tsayar da yara. A wurinmu da an ce kiɗa sai a ji roƙo. Kada ka tari mahaifinka kai kaɗai da zancen. Nemi kawu ko malamin da yake jin maganarsa, a je da kundin darussan sashen a hannu, a nuna masa inda karatun ke kaiwa: koyarwa, bincike, rediyo, asibiti. Jami'ar da ke Samaru ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Al-Farabi, malamin falsafa Musulmi na zamanin da, ya rubuta babban littafi a kan ilimin kiɗa, kuma asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta Turkiyya, wanda aka kammala a 1488, yana amfani da kiɗa wajen jinya. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wannan kowa ya sani, kuma ba a teburin cin tuwo za ka warware shi ba.

Idan jinya ce manufarka

Jinya da kiɗa aikin asibiti ne, mai buƙatar horo bayan iya kiɗan. Jami'ar jihar Michigan a Amurka ce ta fara digirinsa a 1944. A can yau sai ka yi awa 1,200 na horon aiki da marasa lafiya, ka nuna ƙwarewa a murya da fiyano da jita, sannan ka zauna jarrabawar hukumar da ke ba da shaida. A Ingila digiri na biyu ne, kuma doka ta hana kowa amfani da sunan sana'ar sai mai rajista. A nahiyarmu Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu tana ba da digiri na biyu a fannin. Hanyar ɗan Zariya ke nan: digirin farko a kiɗa tare da ɗaukar darussan halayyar ɗan Adam duk inda aka ba da zaɓi, ko digiri a halayyar ɗan Adam, aikin jinya ko gashin ƙashi tare da jarrabawar mataki a kiɗa. Ka ƙara jita a shekara ta biyu, don ita ake iya ɗauka zuwa bakin gado.

Ga yadda aikin yake kusa-kusa. Mai shanyewar ɓarin jiki yana koyon tafiya. Ana ƙirga takunsa a minti ɗaya, a ce 70, alhali lafiyayyen baligi yana yin 100 zuwa 120. Sai a ba shi bugu daidai 70, ba sama ba. In ƙafa ta kama bugun, a ƙara kamar kashi 5 cikin 100, duk a gaban likitan gashin ƙashi. Abin da ke ɓata wannan shi ne gwaninta: makaɗin da ya saba burge taro ya fara sa ado, sai majinyaci ya rasa bugun da zai taka, ya yi tangaɗi. Bugu fili, mara kwalliya, shi ne aikin. Haka mai tashin hankali, ba a fara masa da kiɗa mai sanyi. Ana farawa daidai da zafin da yake ciki, sannan a sauko da shi sannu a hankali.

Zaɓen sauti ma a nan garin yana da nasa tarko. Garaya da goge suna tuna wa mutane da yawa bori, iyali na iya tashi su fita da majinyacinsu, ko shi kansa ya firgita. Tambayi iyali tun farko: "Hajiya, me Baba yake saurara da yana saurayi? Akwai abin da ba ya so?" Tsoho mai ciwon mantuwa waƙoƙin ƙuruciyarsa ya fi amsawa. Wanda ba ya son kayan kiɗa a yi masa da murya, ƙasida ko waƙar da ya sani, da tafi. Mai farfaɗiya kuwa a tambayi likitansa kafin komai, don akwai 'yan kaɗan da wani sauti ke tayar musu da ita. Ƙara kuma tana da iyaka, gare ka da majinyaci: a ma'aunin ƙara da ake kira desibel, 85 awa takwas ne iyakarsa, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 minti 15 ya rage. Algaita a ɗaki rufe ba ta da wuri.

Makarantun waje suna tambayar ko ka taɓa zama da marasa lafiya. Rubuta takardar neman izinin kallon aiki zuwa sashen gashin ƙashi ko na lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko makarantar yara masu buƙata ta musamman, tare da wasiƙa daga shugaban sashenku. A can kai ɗan kallo ne: ba ka kiran kanka mai jinya, ba ka cewa kowa ya rage magani, ba ka ɗaukar hoto ko bidiyo. Riƙe littafi guda, kowace ziyara ka rubuta rana, awa nawa, abin da aka nufa, abin da aka yi, da abin da ya canza a zahiri, kamar "ya yi taku 12 ba a riƙe shi ba", ba "ya ji daɗi" ba. Sunan majinyaci ba ya shiga, lamba kake ba shi. Ƙarshen kowane wata ka kai wa ma'aikacin da ke kula da kai ya sa hannu da hatimi, don shi ne zai rubuta maka wasiƙar shaida idan lokacin neman gurbi ya zo.