Yadda ake fara venetoclax ba tare da an lahanta ƙoda ba

Furotin BCL-2 shi ne ke hana ƙwayar halitta mutuwa ko da lokacinta ya yi. A 1984 aka gano shi a sankarar kaluluwa, inda kuromosom na 14 da na 18 ke musayar yanki, furotin ɗin ya yi yawa, ƙwayoyin da ya kamata su mutu su yi ta taruwa. Sankarar jini ta CLL (mai tafiya a hankali) ta dogara da shi ƙwarai, shi ya sa venetoclax, maganin da ke toshe BCL-2, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, ke cin ta da sauri.

Saurin nan shi ne haɗarin. Idan ƙwayoyin sankara suka mutu a lokaci guda, sai fotasiyam da fosfet da yurik asid su kwarara cikin jini, ƙoda ta toshe, bugun zuciya ya rikice.

Don haka a fara da awo: hoton CT na kaluluwa, ƙidayar limfosayit (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini), da aikin ƙoda. Kaluluwa mai santimita 10, ko mai 5 tare da limfosayit 25,000 a maikurolita, babban haɗari ne. Mai irin wannan a kwantar da shi asibiti. Kwana 2 kafin ƙwayar maganin ta farko, majiyyaci ya riƙa shan ruwa lita 1.5 zuwa 2 kullum, a kuma soma ba shi allopurinol, maganin rage yurik asid.

Sannan a hau a hankali, mako-mako: miligiram 20, 50, 100, 200, sai 400 a mako na 5. Sau ɗaya a rana, da abinci, ba a tauna ba a daka. A ranar farko ta 20 da ta 50, a ɗebi jini kafin sha, bayan awa 6 zuwa 8, da bayan awa 24; mai babban haɗari kuwa kafin sha, da bayan awa 4, 8, 12 da 24. Kada a ba da ƙwaya ta biyu sai an ga sakamakon nan da ido.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sauran magunguna. Clarithromycin (maganin ƙwayoyin cuta) da ketoconazole (maganin fungas) na hana hanta sarrafa venetoclax, ya taru a jini. Haramun ne a ba da su a makonnin hawa. Rifampicin na tarin fuka kuwa rage masa ƙarfi yake yi, don haka a tambayi kowa ko yana shan maganin tibi.

Ba kowace sankara ce ke jin venetoclax ba. Galibin sankarar mama da ta huhu sun fi jingina da wasu furotin 'yan'uwan BCL-2, wato MCL-1 ko BCL-XL, waɗanda venetoclax ba ya taɓawa. A sankarar jini ta AML (mai saurin yaɗuwa) ana haɗa shi da maganin sankara azacitidine, a hau cikin kwana 3: miligiram 100, 200, 400.