Yadda zaka je Disney da Universal a Satumba ba tare da layi ya cinye maka yini ba

Idan Allah ya hore maka zuwa Amurka kuma kana so ka kai iyali wuraren wasan nan na Orlando a jihar Fulorida, to tun kafin ka taɓa maganar tikiti ɗauko kalanda ka zauna da ita. Lilo ɗaya ne fa, amma wanda yazo a Yuli ko ƙarshen Disamba sai ya share sama da awa a tsaye, wanda kuma yazo tsakiyar Satumba ya hau ya sauko ya zagayo ya sake hawa.

Dalilin ba wani abu bane illa makaranta. Yaran Fulorida da jihohin kudu tun cikin Agusta suke komawa aji, na arewa maso gabas kamar su New York kuma sai bayan ranar ma'aikata ta Amurka, wadda take faɗowa Litinin ɗin farko ta Satumba. Wannan ƙarshen makon na hutun ma'aikata ka kauce masa, cike yake. Amma daga Talatar da ta biyo baya har wajen ƙarshen wata, nan ne lokacinka. Yana cikin lokutan da mutane suka fi ƙaranci a duk shekara, otal ma yakan sauko, kuma tunda Disney kuɗin tikitinsu yana bin rana ne, ka buɗe kalandar farashinsu ka duba, ranar da kaga ta fi araha to su da kansu sun san ba za a cika ba.

Kar ka ja abin ya shiga Oktoba kana cewa ai duk kaka ce. Daga farkon Oktoba makarantu da yawa suna ba da ɗan gajeren hutu, ga hutun Litinin ta biyu ta watan, zafi ya fara sauki, sai kaga jama'a sun dawo ɗuu. Ƙarshen wata kuma 'yan Ingila su sauko da nasu hutun tsakiyar zango. Matsalar mu dai ita ce namu yaran ma a Satumba ake komawa makaranta, don haka wannan shawara tafi yiwa masu ƙananan yara amfani, ko amarya da ango, ko ɗalibai da mazauna can.

To yanzu zaɓen rana, nan ne mutane suke yin kuskure. Walt Disney World wuri huɗu ne, Magic Kingdom wanda aka buɗe 1 ga Oktoba 1971, sai EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, kuma kowanne da tasa ranar. A Magic Kingdom tun daga Agusta suke fara bikin dare na Halowin, wato bikin turawa na shigar dodanni da raba alewa, mai tikitinsa daban, a wasu ranakun mako, kuma duk ranar da za ayi shi ƙarfe 6 na yamma ake sallamar masu tikitin yini. Yawancin mutane da sunga haka sai su ce kai bazan biya kuɗin yini guda a kore ni da yamma ba, sai su tattara su tafi ranar da babu biki, ranar ta cika maƙil kamar kasuwa ana gobe sallah. Kai kuma ranar bikin zaka je. Ka iso da sassafe, kafin azahar ka gama manyan lilon, babban abin da zaka rasa wasan wutar dare ne, idan kuma yara sun nace sai sun gani to ka ware masa wani dare daban. Ka sani dai daga ƙarfe 4 masu tikitin biki suke fara shigowa, wajen zai soma cika.

EPCOT kuma akwai bikin abinci da abin sha da ake farawa ƙarshen Agusta har cikin Nuwamba. Juma'a da daddare da Asabar 'yan gari ke cika wajen, kuma gaskiya ana shan giya sosai, ni dai bazan kai yara a irin wannan lokacin ba. Talata ko Laraba da rana yafi. A Universal Studios shima daren da ake bikinsu na ban tsoro wajen ƙarfe 5 suke rufewa, kuma wannan bikin ba na yara bane sam. Sabon wajensu Epic Universe da aka buɗe 22 ga Mayu 2025 kar ka sa ran samunsa fayau, sabon abu kowa so yake ya gani.

Sai dai fa ba banza mutane ke gudun Satumba ba. Zafi ne mai ɗanko, ma'auni yana kai 32 da ɗoriya, kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne na saba, wannan gumi ne da baya bushewa, riga ta manne maka a baya tun ƙarfe 10 na safe. Wajen la'asar kuma sai kaga gari ya haɗe, a fara tsawa, ma'aikata su ja igiya su rufe duk lilon da ke fili saboda walƙiya, mutane su ruga shaguna suna sayen rigar leda da tsada. Ka sayo taka tun daga babban kanti a gari ka cusa a jaka. Idan an kece da ruwa ka nufi na cikin gini, irin su Space Mountain ko Pirates of the Caribbean, kar ka tafi gida, ruwan sau da yawa baya daɗewa, kuma da ya ɗauke zaka tarar da yawa sun gudu otal, ƙasa tana tururi, layi ya zama ba komai. Shi yasa na fili irin Seven Dwarfs Mine Train ko VelociCoaster da safe ake gamawa da su.

Babbar maganar ita ce guguwa. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma tsakiyar Satumba tafi ƙarfi. Ba kullum take zuwa ba amma tana zuwa, guguwar Ian ta sa an rufe Disney kwana biyu a ƙarshen Satumba 2022, Milton ma ta sa an rufe a Oktoba 2024. Ka sayi tikitin jirgi wanda ake iya canjawa, ka karanta sharaɗin otal kafin ka biya, kuma kar ka ajiye wajen da kafi so sai ranar ƙarshe.

Sauran ƙananan abubuwa. Ka sauke manhajar My Disney Experience a waya, tana nuna mintin da ake jira a kowane layi, ka fara leƙa ta tun mako guda kafin tafiya don ka gane yadda abin ke hawa da sauka. Ka isa ƙofa minti 45 kafin a buɗe, waɗanda suka sauka a otal ɗin Disney ana barinsu su shiga rabin awa kafin kowa. Tikitin tsallake layi, Lightning Lane a Disney da Express Pass a Universal, a ganina ranar Talata a tsakiyar Satumba asarar kuɗi ne, sai dai ko a Hollywood Studios da manyan lilonsa kullum akwai jira. Ka duba jerin abubuwan da aka rufe don gyara, saboda irin wannan lokacin suke yi, kuma wuraren suna rufewa da wuri fiye da lokacin hutu. Disney suna bari ka shiga da abincinka in dai ba a kwalba ba, wanda ya sauƙaƙa wa mai neman halal, ruwan sanyi kuma kyauta ne a kantocin abinci, ka roƙa kawai.

Wanda kuma Faransa tafi masa kusa, Disneyland Paris ma haka lissafin yake, yara suna komawa aji farkon Satumba, babu fargabar guguwa, jirgin ƙasa RER A zai kai ka har bakin ƙofa. Ka guji Asabar da Lahadi, ka ɗan yi hattara da Laraba tunda yaran firamare da yawa basa zuwa makaranta ranar, kuma ka gama kafin hutunsu na mako biyu da ke farawa bayan tsakiyar Oktoba.